Zauren Matafiya: Tsibiri Ƙofarsa Ɗaya Ce

  

Abin da ya sa muka ɗauko zancen wannan wata shi ne wata takarda da ta iso mana daga wasu samari bakwai na wata hilla kusa da Sinnar. Sun ce tun damina suke zuba adashi, suna so su raka kawunsu da zai tafi umra har Sawakin, in jirginsa ya tashi su kuma su tsaya kwana uku su zaga tsohon gari, su shiga kwalekwale su ga tsibiran nan da suke gani a waya. Tambayarsu ɗaya ce: "Baba, nawa ya kamata mu riƙe?" To, 'ya'yanmu, lissafin kuɗi ku kuka fi mu sani, domin farashin yanzu ba ya kwana inda ya wuni. Amma akwai tambayar da ba ku yi ba, ita ce kuwa muke so mu amsa: yaya za a yi ku da takardunku da guzurinku ku dawo gida lafiya?

Ba mu hana kowa tafiya ba. Ina mu ina hana tafiya, mu da kakanninmu suka tako da ƙafa daga Sakkwato da Kano da Katsina da Haɗeja? Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, har suka sauka Shehu Ɗalha a bakin kogin nan a 1906. Da yawansu niyyarsu Makka ce. Noma da aikin auduga, musamman bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, hanyar neman guzuri ce kafin a ƙarasa bakin Bahar Maliya. Saboda haka in yaranmu sun ce za su ga teku, sawun iyayensu suka bi.

Bari mu fara bayyana muku inda za ku. Daga Madani a bi ta Gadarif da Kasala da Haya da Sinkat, a gangara duwatsu a faɗa Sawakin, sannan Bur Sudan, tafiya ce ta kusan kilomita 1000. Tsohon garin Sawakin ɗan tsibiri ne kewayayye a cikin wani lungu na teku, wanda mutum zai zagaye shi da ƙafa kafin shayinsa ya gama hucewa a hannun mai shayi. An gina gidajensa da dutsen murjani, Turkawa Usmaniyawa sun riƙe shi tun ƙarni na 16, kuma a zamanin Gordon Basha aka yi 'yar hanyar da ta haɗa shi da tudu. Da Turawan Ingila suka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 sai ciniki ya ƙaura, gidajen suka yi ta zubewa. A 1991 aka buɗe tashar Usman Digna, jiragen fasinja na Jidda suka dawo. A Disambar 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci tsibirin, Turkawa kuma sun gyara masallatan Hanafi da Shafi'i da ke ciki. Can cikin teku, kamar kilomita 25 daga gaɓa, akwai Sanganib mai hasumiyar fitilar jirage, can arewa kuma akwai Dunganab da tsibirin Mukawwar. A 2016 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren gadon duniya. Wurare ne masu kyaun gani, wanda ya je ba zai ce ya yi asarar kuɗin mota ba.

Mutanen da suna cewa a Sawakin Annabi Sulaiman ya ɗaure aljanu, har yau kuma za a ba ku labarin kyanwoyin garin da ake cewa ba a dukan su. Ku saurara ku yi dariya. Mu dai a iyakar zuwanmu ba mu ga wanda aljani ya yanke wa aljihu ba.

Ga abin da muke so mai karatu ya riƙe. A ƙauyenmu in mutum ya ga abin da bai gamshe shi ba, hanya goma gare shi. Ya bi ta bayan masallaci, ya ratsa hawasha, ya faɗa gidan gwaggonsa. Tsibiri kuwa ƙofarsa ɗaya ce, ko gada ko kwalekwale, kuma duk wanda ya riƙe wannan ƙofa ya riƙe ka. Mutanen Tuti da ke tsakiyar Khartum sun ɗanɗana wannan bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, lokacin da masu bindiga suka tsaya a kan gadarsu ɗaya tilo, shiga da fita suka zama sai da izini da kuɗi, har yawancin mutanen suka bar tsibirin a 2024. Wannan na yaƙi ne. Amma ko a zaman lafiya hukuncin ɗaya ne: macuci a bakin teku ba ya buƙatar wuƙa, abin da yake nema kawai shi ne ya zama shi ne ƙofarka. Ya riƙe maka jirgi, ko ya riƙe maka fasfo, ko ya riƙe maka harshe, wato ya zama shi ne mai yi maka magana da kowa.

Kakanninmu sun san haka tun kafin a haife mu. A shekarun 1920 da 1930, alhazan Yamma da yawa da suka kasa biyan kuɗin takardu da na karantina a Sawakin sukan zame su bi ta Masawwa, wadda a lokacin take hannun Italiya, su shiga sambuk da dare. Tsofaffi sun ba mu labarin masu jirgin da sukan karɓi kuɗi, su yi ta yawo da mutane cikin duhu, da asuba su sauke su a wani busasshen tsibiri ko wata gaɓa da babu kowa, su ce musu ga ƙasar Hijaz nan. Sun kuma ba mu labarin yaran da aka raba da iyayensu a hanya aka sayar, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962. Kada wani ya ce wannan tatsuniyar da ce. A Yulin 2011 wani jirgin masu fasa-ƙwaurin mutane ya tashi daga gaɓar Jihar Bahar Maliya ya nufi Saudiyya, wuta ta kama shi a tsakiyar teku, mutum 197 suka halaka, uku kacal aka ceto. 

Mu ma ba a bar mu ba. Wasu shekaru kafin yaƙi mun raka wani dattijon hillarmu Sawakin, mu huɗu. Shanu biyu ya sayar ya haɗa kuɗin umra. Muna zaune wajen mai shayi kusa da tasha, muna hira da Hausa da ƙarfi kamar muna ƙofar gida, sai ga wani mutum da farar jallabiya da rawani da tasbaha ya yi sallama.

"Sannunku da hanya, Alhaji. Mutanen ina ne?"

Dattijo ya faɗa masa. Sai mutumin ya dafa ƙirji ya ce ai kakarsa 'yar can ce, ya tambayi lafiyar liman, ya tambayi ko an gyara famfon hilla. Sai daga baya muka tuna cewa duk waɗannan abubuwa mu muka faɗe su da bakinmu, yana tsaye a bayanmu yana shan ruwa.

"Baba, jirgin yau ya cika," in ji shi. "In ka bi layin nan sai jibi, kuma masauki a nan tsada. Amma ƙanena yana ciki. Kawo fasfo da tikiti da abin da za a ba yara, yanzu in dawo maka da hatimi."

Ɗayanmu ya ce a bari ya bi shi. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Haba ɗan'uwa, ni zan cuci ubana?" Kunya ta kama mu, muka yi shiru. Dattijo ya zaro jakar leda daga aljihun ciki ya miƙa. Fasfo da tikiti da riyal ɗinsa duka a ɗaure suke wuri ɗaya, bai tsaya rarrabewa ba.

Muka yi azahar a wurin, muka yi la'asar. Jirgi ya yi ƙara ya tashi muna kallo. Da muka tambaya a ƙofa sai aka ce mana jirgin bai ma cika ba. Bayan kwana biyu wani yaro mai sayar da ruwa ya tsinci fasfon a bayan wata katanga, babu kuɗi, babu tikiti. Dattijo ya dawo gida ya ce zai sake tarawa. Allah bai nufa ba, bayan shekara biyu ya rasu bai ga Ka'aba ba. Har yau in muka tuna, ba ɓarawon ne ke ci mana rai ba kamar shirun da muka yi saboda kunya.

Ku lura da kayan aikin wannan mutum. Bai zo da sanda ba. Ya zo da harshenmu, ya zo da gaggawa, ya zo da kunya. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasa, in muka ji Hausa a bakin baƙo a wuri mai nisa sai zuciya ta narke, mu saki jiki. Macuta sun san wannan sarai. Hausa ba fasfo ba ce, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Wannan sana'a ba a Sawakin kaɗai take ba. 'Yan'uwanmu da ciniki ko gudun yaƙi ya kai su gabashin Afirka, har suka tsallaka daga Darussalam zuwa Zanzibar, sun tarar da irin waɗannan mutane suna jiran baƙi a bakin tasha da bakin rairayi. Mutanen can suna kiran su papasi, wato kaska da Sawahili, domin in sun maƙale wa baƙo ba sa saki sai sun sha. Wannan zai ce shi ne mai nuna hanya, wancan zai ce otal ɗin da ka nufa ya rufe amma ya san wani, wancan kuma yana da kwalekwale mai araha. Ko'ina tsibiri yake a ƙasashen zafi, in dai baƙi na zuwa da kuɗin hutu a aljihu, kaska na nan tana jira.

To, mene ne magani? Ba sabon abu za mu kawo ba. Ayarin fatake na da ba ya tashi sai da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da zango, kuma in an isa gari ba a sauka ko'ina sai gidan fatoma da aka sani, wanda in kaya suka ɓata shi za a tambaya. Wannan tsari shi za ku ɗauka, ku bakwai ɗin nan.

Na farko, kada ku tashi daga gida sai kun san wanda zai karɓe ku. Akwai mutanenmu a Bur Sudan da Sawakin tun zamanin alhazan ƙafa, wasu kuma sun ƙaru bayan da aka gudu daga Madani a Disambar 2023 da Sinja a 2024. Ku je wurin shehun hilla ko liman ya haɗa ku da mutumin da ya sani, ku yi magana da shi ta waya tun kuna gida. Wanda ka nema ka samu daban yake da wanda ya neme ka ya same ka. Duk wanda ya tare ku a tasha ya ce shi ɗan'uwa ne, ku amsa gaisuwarsa da mutunci, ku ce masa kuna da mai masauki, ku wuce.

Na biyu, takarda ba ta barin hannun mai ita sai a gaban tagar ofis, ga ma'aikaci a zaune a ciki. Mu mun fi kowa sanin darajar takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa suna Sudan tun ƙarshen 1897, kuma kowa ya san irin jelen da iyayenmu suka sha kafin su sami jinsiyya. Wanda ya ɓatar da katinsa na lambar ƙasa a lokacin da ake tsayar da motoci a kowane shinge, ya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya da amsarsu. Ku ɗauki hoton kowace takarda, kwafi ɗaya a gida, ɗaya a jakar wani abokin tafiya. Kada kuma ku haɗa fasfo da kuɗi a ƙulli ɗaya kamar yadda marigayi ya yi.

Na uku, kuɗi a rarraba. Na kashewar yini a aljihun gaba, sauran a lalita a ɗaure a ciki, wani kaso kuma a bar wa mai masauki a gaban shaida. Kada a ƙirga kuɗi a wajen mai shayi. Masu biya da Bankak su kiyaye: kada ka miƙa wa kowa wayarka ya taya ka turawa, kada ka faɗa wa kowa lambar sirri, kuma in an ce an turo maka kuɗi kada ka yarda da hoton rasit da aka nuna maka, buɗe asusunka ka gani da idonka, domin rasit na jabu ya yi yawa. Amare da ke zuwa shan iska bayan biki, a bar zinariya a gida. Teku ba ta san awarwaro ba, amma mai babur ya sani.

Na huɗu, shi ne babba, zancen kwalekwale. Mai masaukinku shi zai nemo mai jirgin da aka san gidansa. A yi ciniki a tudu, a gaban shaida, a ce kuɗin zuwa da dawowa ne, a ambaci inda za a je da lokacin da za a juyo. A biya rabi, sauran rabin sai ƙafa ta taka ƙasa. Wanda ya biya duka tun a gaɓa, in an kai tsakiyar ruwa aka ce masa man fetur ya ƙare sai ya ƙara kuɗi, da wa zai yi gardama? Ku tambaya ko wurin da za ku yana buƙatar izinin hukuma, in yana buƙata ku ga takardar da idonku. Ku ƙirga rigunan ceto kafin ku shiga, domin iyon da kuka koya a kogi da tura'a ba ya aiki a teku. Ku ɗauki ruwan sha fiye da yadda kuke zato. Sannan ba duka za ku shiga ba. Mutum ɗaya ya zauna a tudu da takardu da sunan mai jirgi, ya san cewa in magariba ta yi ba ku dawo ba zai tafi wurin 'yan sanda. Gobe shi ma a kai shi. Waya takan ɗauke in an yi nisa da gaɓa, saboda haka wannan mutum shi ne wayarku.

Na biyar, a kiyaye da ɗaukar hoto. Tun bayan hare-haren jirage marasa matuƙi da aka kai Bur Sudan a Mayun 2025, ɗaga waya kusa da tasha ko wurin sojoji neman fitina ne. Macuta kuma sukan fake da wannan, mutum ya zo da kayan gida ya ce shi jami'i ne, ya karɓe waya, ya ce a sasanta a nan. Kada ku yi masa tsawa, kada kuma ku biya. Ku ce masa cikin ladabi, "To, mu je ofis tare," ku kira mai masaukinku. Jami'in gaskiya ba ya gudun ofishinsa.

Na shida, ga kawunku da duk mai tsallakawa Jidda: kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba, ko da ya ce magani ne zai aika wa mahaifiyarsa, ko yaji ne, ko kilishi. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yakan kai ga kisa, kuma a hannun wanda aka ga ƙulli shi ne mai ƙulli. Haka nan duk wanda ya ce zai tsallakar da kai ba biza, ba layi, da rabin kuɗi, ka tuna da mutum 197 ɗin nan. Araha ba ta ado.

In kuwa duk da haka ƙaddara ta faɗa, aka tare ku da makami, ku ba da abin da aka nema. Waya ana sayen wata. Daga nan ku tafi ofishin 'yan sanda tare da mai masaukinku ku buɗe balagi a ranar, ku karɓi takardar shaida, domin da ita za a nemi sabon kati ko fasfo. Kada kunya ta sa ku ɓoye. Mun san mutanen da aka cuta suka dawo gida suka yi gum, don kada a ce an yi musu wayo, wata na gaba macucin nan ya sake cin wani ɗan hillarsu a daidai wurin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma sai ɗan'uwan ya yi ihu kafin ka sani.

Kada kuma wannan magana ta sa ku riƙa kallon kowa da jan ido. Yawancin mutanen gaɓar nan, Hadandawa da Bani Amir da masunta da 'yan dako, talakawa ne masu neman halal kamar mu. Za su zuba muku jabana da citta su ƙi karɓar kuɗi, za su nuna muku hanya ba su nemi komai ba. Yaron da ya tsinci fasfon dattijonmu ya yi ta bin masu shayi yana tambaya har ya same mu, da ƙyar ya karɓi tukuici. Alamar da muke bambance mutumin kirki da kaska ita ce, mutumin kirki ba ya gaggauta ka, ba ya raba ka da 'yan'uwanka, kuma ba ya jin haushi in ka ce za ka tambayi wani. Matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka, 'ya'yanmu bakwai, ku zaɓi madugunku tun yau, ku je wurin liman ya ba ku sunan fatomanku, ku raka kawu har ya shige ƙofar tasha da fasfonsa a hannunsa. Sannan ku zaga Sawakin, ku yi salla a masallacin Shafi'i, ku yi wa kakanninmu da suka tsallaka daga nan addu'a, da waɗanda teku ta riƙe. In kun dawo ku rubuto mana abin da kuka gani, da farashin da kuka tarar, mu buga don amfanin na baya.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Mu kwana nan, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.